Shekarar da Na Fasa Kwalbar Lawali

Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba, sai da babbar ɗiyata Hajara ta zo ganin gida daga Gazawa ta kawo mani wata magana. Wai a can Agiye, gidan baffanku Lawali, abin da yaransa suka tashi suna ji shi ne ni na kori ubansu daga Gidan Rumji don hassada. Wai shi ya yi lakol, wato makarantar boko, ni ban yi ba, shi ya sa na kasa jure ganin ya kawo sabon abu gidan ubanmu. Kwana uku na yi abinci ba ya yi mani daɗi. Ni da na riƙe gona da kalme shekara da shekaru don shi ya zauna a aji, yau ni ne mai hassada. To tun da hannuna yana iya riƙe alƙalami, ku karanta ku ji yadda aka yi. Kwalba kam na fasa ta, ban taɓa musu ba, kuma a gaban baƙinsa na fasa ta. Amma duk wanda zai ba ku labarin fashewar kwalba ya tsallake wata biyun da suka gabace ta, to ya zalunce ni.

Kakanku, Malam Abdu, fataucin hatsi ya yi a ƙuruciyarsa, ba kasuwar da bai taka ba daga Tibiri har Gangara. Mutum ne mai son jama'a, wanda in ya yi wuni bai yi gardama da kowa ba sai ya ce jikinsa ba daɗi. Da tsufa ya zo idanu suka fara tafiya, gwiwoyi suka bi su, har ya zama masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe shi. Abin da ya rage masa na duniya shi ne zaure bayan la'asar. Tsofaffi huɗu ne ke zuwa kullum: Malam Garba tela, da Arɗo Buba wanda rugarsa ke bayan gari, da wasu biyu da suka yi fatauci tare da shi. Ni kuma aikina shayi. In na dawo gona na yi wanka, sai in ɗauko murhun waya in zuba gawayi in fita shi har ya kama, in aza 'yar buta da koren ganye. In ta tafasa in sa sukari, in ɗaga buta sama in tsiyaya cikin finjali, in mayar, in sake, har kumfa ta tsaya a kowane finjali. Na farko ɗaci gare shi, yana buɗe bakin mutum. Na biyu da na'a-na'a. Na uku zaƙi ne kawai, shi ake sallama da shi. Kowane zagaye sai an jira wuta, kuma a al'adarmu wanda ya sha na farko ba ya tashi sai ya sha na uku, in ya tashi ya raina mai gida. Haka tsofaffin nan ke zaune daga la'asar har rana ta yi ja, suna musu a kan farashin gero na shekarun da ba wanda ya tuna sai su, Baba a tsakiya yana ƙaryata kowa.

A farkon bazarar waccan shekarar aka maido Lawali aiki Gidan Rumji daga Agiye. A wani buro yake, wato ofis, mai kula da itatuwa, masu bin ƙauyuka suna hana sare tsiro a gonaki, kuma ban taɓa cewa aikin banza ba ne. Ya dawo da matarsa Mariyama da yara, aka gyara masu sashe. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na makon nan ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya gaya masa 'ya'yansa biyu sun koma ƙarƙashin rufi ɗaya. Cikin kayan da aka sauke daga mota akwai wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki, an naɗe ta da bargo kamar jariri. Na ɗauka ta zuma ce. Ranar Asabar da hantsi ya fito da ita tsakar gida, ya cika ta da ruwan famfo, ya watsa ganyen shayi hannu guda, ya rufe, ya aza ta bisa katanga.

"Yaya, daga yau ka huta da hura wuta," in ji shi. "Rana za ta dahwa muna shayi."

"Rana za ta yi mi?"

"Za ta dahwa shi. Wata Baturiya da munka yi aiki tare da ita haka take yi, bisa kan mota take aza shi. Ba gawayi, ba hayaƙi."

Na ce masa, "Lawali, rana na san tana busar da kuɓewa, tana busar da wanki. Ban taɓa jin ta dahwa ma kowa komi ba."

Ya yi dariyar nan tasa ta wanda ya riga ya san amsa. Sai ya jero mani dalilai, kuma don kada a ce na ɓoye, ga su nan. Likita ya ce Baba yana da hawan jini, shayi mai ƙarfi ba ya yi masa kyau. Tarin da yake yi da safe hayaƙin gawayi ne ke ƙara shi. Kuma shi ba zai yi yawo ƙauyuka yana hana mutane sare itace ba alhali a gidan ubansa ana ƙona gawayi kowace yamma. Muka kai magana gaban Baba. Ya saurare mu, ya juya fuska wajen muryar Lawali, sannan ya ce mani,

"Mamman, bar shi ya gwada. Ɗan lakol ne, ya ga abin da ba mu gani ba."

Kwalbar ta wuni bisa katanga har azahar ta wuce. Ruwan ya canza launi kam, ya koma kamar wanda aka ɗauraye buta da shi. Lawali ya tace, ya sa sukari, sukarin ya kwanta a gindi ya ƙi narkewa sai da aka yi ta motsa shi da ludayi. Kumfa kuwa ko a mafarki. Ya sa kwalbar a gindin randa ta yi sanyi. Da tsofaffi suka zo bayan la'asar suka tarar ba murhu, ba ƙamshin gawayi, sai Lawali da manyan kofuna. Ya zuba wa kowa, suka karɓa da bismillah, suka kurɓa suna kallon juna. Kafin a gama gaisuwa kofuna sun ƙare. Arɗo Buba ya lashe baki ya ce,

"To, madalla. Ina na biyu?"

"Ai shi ke nan, Arɗo. Wanga duka a haɗe yake, na hwarko da na biyu da na uku."

Ban taɓa ganin tsofaffin nan sun rasa abin faɗi ba sai ranar. Ba wutar da za a kalla, ba butar da za a jira, ba wanda za a ce wa ya cika sukari. Malam Garba ya tuna yana da ɗinkin da bai gama ba. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, rana tana sama fal. Lawali kuwa ya kwashe kofunansa yana murna an shanye tas.

Gaskiya guda zan faɗa, ko da ba ta yi mani daɗi. Shayin rana ba shi da ɗaci, kuma cikin mako biyu tarin Baba ya ragu, barcinsa ya gyaru. Na gani da idona. Ni dai ban yarda da ruwan da bai ga wuta ba, kuma in ya kwana sai ka ga wani yauƙi ya taso a kansa, amma Mariyama mace ce mai tsabta, kullum sai ta wanke kwalbar da sabulu, ba wanda cikinsa ya taɓa ɓaci. Abin da ya ɓaci zaure ne. Makon farko tsofaffin suna zuwa su sha su ɗan taɓa hira su tafi. Mako na biyu biyu suka daina. Arɗo Buba na gan shi da idona a tasha, gindin teburin mai shayi, ya kau da kai kamar bai gan ni ba. Malam Garba ne ya fi daɗewa, shi ma ya koma leƙowa ranar Juma'a kawai, a tsaye. Baba kuma kowace la'asar sai ya sa a fito da shi zaure, a shimfiɗa tabarmi kamar kullum, ya zauna yana fuskantar ƙofa. In ya ji motsi sai ya gyara zama ya ce, "Wa ke nan?" In ce masa akuya ce, ko mai tallar ƙosai ce ta wuce. Sai ya ce to, ya ci gaba da jan carbi. Ni ke zaune da shi ina ganin wannan kullum. Lawali a lokacin yana buro, ba ya dawowa sai an kusa kiran magariba, ya tarar da Baba ba ya tari, ya ce alhamdu lillahi.

Na same shi na gaya masa. Ban ɗaga murya ba, uwarku Hadiza shaida ce. Abin da ya ce mani har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

"In don shayi suke zuwa, Yaya, ashe da ma ba abokai ba ne."

Ku ji fa. Mutanen da suka yi tafiyar ƙasa da Baba tun kafin a haife shi, shi ne zai auna su. Abin da bai gane ba, da duk karatunsa, shi ne dattijo yana da kunya. Ba ya iya zuwa gidan wani ya miƙe ƙafa awa biyu haka kawai, kada a ce ba shi da abin yi ko gidansa ya gagare shi zama. Amma in buta tana kan wuta, ai jira yake, ba wanda zai ce masa komi. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi haka, ya ce wannan duk al'ada ce, lafiya ta fi. Na koma wurin Baba na ce ya raba mu. Ya ƙi.

"Duk wanda kunka ba ni ina sha," ya ce. "Ku dai kak ku yi hwaɗa."

Uwarku ce ta ce mani, "Malam, ka hura wutarka mana. Shi ya yi nashi da sahe, kai ka yi naka da marece." Na bi shawararta rana ɗaya. Na aika aka gaya wa Malam Garba, ya zo, muka yi zagaye uku, Baba har da ƙaryata shi a kan wata tsohuwar tafiya. Da Lawali ya dawo ya ji ƙaurin gawayi a zaure, sai ya ɗauki murhu da buta ya kai ɗakin matarsa ya sa a ƙarƙashin gado. Ya fito tsakar gida, gaban matata da tasa, ya ce mani,

"So kake ka kashe shi? In ka gaji da jinya ka hwaɗi."

Ni da nake wanke wa Baba ƙafafu. Ni da nake tauna masa goro in haƙoransa sun gaza. Na shiga ɗaki na zauna, Hadiza tana ba ni haƙuri. Da a ranar na yi abin da na yi, da na ce zafin maganar ne. Amma na haɗiye ta har mako uku.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Lawali ya gayyato abokan aikinsa su biyar, bayan an sauko masallaci, don su ɗanɗana shayin su ga ko za a koya wa matan ƙauye. Bai gaya wa Baba ko su wane ne za su zo ba, cewa kawai ya yi yau za a yi baƙi a zaure. Baba ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa ta salla, aka naɗa masa rawani. Tun azahar yake zaune. Da suka shigo da sallama, muryoyi da yawa, takalma suna ƙara, na ga fuskarsa ta buɗe. Ya miƙa hannu cikin iska ya ce,

"Garba, kai ne? Arɗo, kun tuna da ni yau?"

Wani saurayi cikinsu ya kama hannun ya gaishe shi da ladabi, ya faɗi sunansa. Baba ya ce, "Af, sannunku da zuwa," ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Lawali kuwa bai ma lura ba. Yana tsaye yana nuna Baba da hannu, rabi Hausa rabi Faransanci, yana cewa su duba tsohon nan, wata biyu bai shaƙi hayaƙi ba, su ga yadda ya murmure. Suna gyaɗa kai, wani yana rubutawa. An mai da ubana abin nuni a zaurensa, cikin rigar da ya sa don abokansa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga gida na ɗauko kwalbar daga gindin randa, cike take, na fito da ita ƙofar zaure na ɗaga ta da hannu biyu na buga da dutsen da muke zama mu yi alwala. Ruwan ya fantsama har kan wandunan baƙi. Kuma na yi magana. Na ce su rubuta wannan ma. Na ce tsohon ya murmure amma ba mai zuwa wurinsa. Sannan na faɗi abin da bai kamata ba, na ce lakol ɗin da yake taƙama da ita guminmu ne ya kai shi, kuma da na san abin da za ta koya masa ke nan da na bar shi a gona. Daga wannan jimlar guda aka ƙera labarin hassada. Na faɗe ta, ban ƙi ba. Amma jimla ɗaya ce cikin fushin wata biyu.

Lawali ya raka baƙinsa, ya dawo ya ɗauki tsintsiya ya share gutsattsarin kwalbar da kansa, ya ƙi bari Mariyama ta karɓa. Cikin kwana goma ya nemi a mayar da shi Agiye, aka mayar da shi. Ranar tafiya Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, direba yana ta danna oda. Murhu da buta na same su a ƙofar ɗakina, an wanke su.

Na bi tsofaffin gida gida na ba su haƙuri, suka dawo. Arɗo Buba ya ce da ma shi shayin tasha bai taɓa yi masa daɗi ba. Zaure ya koma yadda yake, gardama ta dawo, dariyar Baba ta dawo. Tarin ma ya dawo, ba zan ɓoye maku ba, ko da na koma hura wutar a waje sai ta kama sarai sannan in shigo da ita, na kuma rage masa na farko zuwa rabin finjali. Na ɗauka na yi nasara. Sai wata rana bayan na uku, kowa ya tafi ina kwashe finjalai, Baba ya kira sunana.

"Mamman, ka maido mani tsohwahhina huɗu, na gode. To wa za ya maido mani ɗana?"

Washegari na shiga mota na tafi Agiye, ban ci komi ba har na isa. Na yi sallama a ƙofar gidansa. Mariyama ta fito, idonta a ƙasa, ta ce ya tafi Gangara aiki, sai jibi. Babur ɗinsa yana jingine a tsakar gida, takalmansa suna bakin ɗaki, ina ganin su ta bayanta. Ni yayansa, na taso tun daga Gidan Rumji don in ba ƙanena haƙuri, aka tsayar da ni a ƙofa kamar mai talla. Wannan ma ku tambaya a can Agiye ko an taɓa gaya masu. Na dawo na ce wa Baba ban same shi ba, ya yi tafiya. Ita ce ƙarya ɗaya da na san na taɓa yi masa, kuma ina jin ya gane. Bayan haka Lawali yana zuwa duba shi, ba zan ce ba ya zuwa ba, amma sai da hantsi, lokacin da ya san ina gona, ya tafi kafin azahar. Baba bai sake jin muryoyinmu biyu a wuri ɗaya ba.

Ya rasu cikin damina, ana noman farko, bayan kwana huɗu da kwanciya. Ƙirji ne. Malam Garba da Arɗo suna gefensa, kuma har ranar da ya kwanta zaurensa cike yake, wannan ina alfahari da shi. Ko da na bar kwalbar zai ƙara shekara ɗaya ko biyu yana zaune shi kaɗai yana tambayar wa ke nan, Allah ne masani. Na sha juya wannan a raina, wani lokaci in ga na yi daidai, wani lokaci in kasa gani.

Lawali ya iso kafin a yi sallar jana'iza, muka ɗauki makara tare ba mu kalli juna ba. Rana ta biyu ta zaman makoki, bayan la'asar, na je ɗauko murhu na tarar ya riga ni. Yana zaune a wurina, ya hura gawayi, ya aza buta. Na tsaya ina kallo. Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba, kumfarsa ta fi tawa tsayawa. Ashe ya iya, Baba ya koya masa kamar yadda ya koya mani. Ya zagaya da faranti ya ba kowa, ya bar ni ƙarshe. Ya durƙusa gabana kamar yadda ƙane ke yi wa yayansa, ya miƙo finjali, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Karɓi, Yaya. Da zahinshi, yadda kake so. Yanzu ba wanda za ya yi tari."

Na karɓa na shanye, mutane suna kallo. Wannan ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da ƙanena, ga shi yau dukanmu mun yi furfura, kuma har yanzu ban samo abin da zan mayar masa ba.